Yadda Kwamanda Ya Rage wa Masu Gadi Tumbi

A wani kamfanin gadi an yi wani mutum da ake ce wa Kwamanda. Ba soja ba ne, bai taɓa zama soja ba, kuma abin da ya fi kama da yaƙi a rayuwarsa shi ne ranar da wata kaza mai 'ya'ya ta fatattake shi daga bayan ɗakin janareta. Amma in ka zauna da shi ɗan lokaci, sai ka rantse shi ya koya wa sojojin duniya tafiya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, abokan aiki suka karɓa don tsokana, shi kuwa gogan ya ɗauka girmamawa ce. Irin mutanen nan ne da ba a taɓa tambayarsu wani abu suka ce ba su sani ba.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya, wato usur ɗin shugaban masu gadi. Usur ne na ƙarfe mai jar igiya, wanda tsohon shugaba ya rataya a wuya shekara da shekaru, in ya busa kowa ya miƙe ya ƙame. Da tsohon ya yi ritaya, mai kamfanin, wata mata mai ƙarancin magana da kowa ke kira Uwarɗaki, ta jefa usur ɗin a durowar teburinta ta kulle. Mutum biyu ake ambata a kan muƙamin. Akwai Kwamanda, wanda shi ke ambatar kansa, akwai kuma wani da ake ce wa Shiru, don yakan yini bai furta abin da ya wuce amsa gaisuwa ba. Kwamanda ya tsani Shiru tsana mai tsanani, ba don ya taɓa yi masa komai ba, sai don ya ji Uwarɗaki ta taɓa ce masa sannu da aiki.

Wata safiya Uwarɗaki ta tara su a tsakar kamfani, ta ce wani sabon babban kanti na neman masu gadi, kuma manajan kantin zai zo da kansa ƙarshen wata mai zuwa ya ga faretinsu kafin ya sa hannu. Ta ce za a ɗinka wa kowa sabon kaki. Sai ta bi layin da kallo, ba fuska take kallo ba, ciki take kallo.

"Wannan tumbin naku fa? Masu gadi nake da su ko masu jego?"

Kafin kowa ya motsa Kwamanda ya yi tsalle ya fito gaba, ya buga ƙafa, ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, ki bar min su. Rage tumbi ai karatuna ne. Kafin ranar nan zan mayar miki da su kamar sandunan rake."

"Kai da tumbinka ke riga ka shiga ofis?"

"Wannan ba tumbi ba ne, ranki ya daɗe. Ƙirji ne ya sauko saboda yawan atisaye."

Uwarɗaki ta daɗe tana dubansa. "To, shi ke nan. Ɗinkin kaki yana hannunka, cikinsu ma yana hannunka. Ranar fareti kai za ka riƙe usur. In manaja ya yaba, usur ya zauna a wuyanka." Ba ta faɗi abin da zai faru in bai yaba ba, ta dai waiga ta kalli Shiru, ta koma ofis.

A ɗakin masu gadi akwai wani ƙaton gwangwanin biskit da kamfani ke ajiye musu don shan shayi. Biskit ne busasshe, ba zaƙi ba gishiri, in ka tauna sai ka ji kamar kwali kake ci. Murfin gwangwanin kuma ya yi tsatsa, duk wanda ya buɗe sai ya yi wata ƙara ƙiiii, kowa ya juyo ya ga mai kwaɗayi. Saboda haka mutum ya ɗauki ɗaya ko biyu, ya tsoma a shayi, ya haɗiye da haƙuri, ya kama gabansa. Gwangwani ɗaya sai ya yi wata da watanni yana kallon mutane.

Kwamanda ya tara su gaban gwangwanin nan, ya nuna shi da sanda kamar ya kama ɓarawo.

"Ga shi nan. Ga mai laifin. Babban gwangwani shi ke kawo babban tumbi."

Wani ƙato da ake ce wa Tanka ya ce, "Haba Kwamanda, ni fa rabon da in taɓa shi har na manta."

"Ba sai ka taɓa ba, jahili! Kallonsa ma ƙiba ne. Ido ya ga abu mai yawa, ciki ya buɗe daidai da shi. Daga yau ƙananan ledoji za a kawo. Ƙaramar leda, ƙaramin ciki. Sannan ba iri ɗaya ba, iri-iri. In ka jera wa mutum abu kala-kala, idonsa ya rikice, ya rasa wanda zai ɗauka, harshensa ya gaji tun bai ci ba, ya haƙura ya tashi. Haka muke yi a fagen daga."

"Wane fagen daga?" in ji Mai Rediyo, wani ɗan siriri da bakinsa ba ya hutawa. "Na bayan ɗakin janareta?"

Aka kwashe da dariya. Kwamanda ya sha mur, ya ce wanda ya sake buɗe haƙori zai yi tsallen kwaɗo har bakin titi.

Washegari ya je kantin da kamfani ke ɗaukar kayan shayi, ya dawo da kwalaye a bayan mota. Aka buɗe, sai ga ƙananan ledoji masu sheƙi: gyaɗa mai gishiri, gyaɗa mai sukari, gugguru, soyayyen dankali mai yaji, alewa, cakulan, biskit mai madara a tsakiya, da ɗan kek da bai fi babban yatsa ba. Ya jera su a kan tebur layi-layi kamar sojoji, ya ja da baya yana shafa gemu. Masu gadi suka kewaye teburin, ba mai ko tari.

"Kun gani?" in ji Kwamanda. "Har sun rikice."

Tanka ya haɗiye yawu. "Wallahi na rikice, Kwamanda. Bari in ɗauki ɗaya-ɗaya daga kowanne, in ga ko zan warware."

Saura gwangwani. A nan ne mugunta ta motsa a zuciyar Kwamanda. Ya ce a ransa, in aka bar Shiru cikin wannan shiri, zai rame tare da kowa, ya fito fes ranar fareti, Uwarɗaki ta sake ce masa sannu da aiki. Ina! Sai ya kira shi, ya ce daga yau an mayar da shi ƙofar baya, can wajen da motar shara ke shigowa, kuma ba shi ba ledoji.

"Ga rabonka," ya ce, ya dangwara masa gwangwanin a hannu. "Ka ci iya cinka, kada ka ji kunyar kowa."

Shiru ya dubi gwangwani, ya dubi Kwamanda, ya ce, "To." Ya rungume shi ya tafi. Kwamanda ya bi bayansa da kallo yana murmushi, har yana hango yadda zai kumbura.

Daga nan sai shagon tela. Telan ya riga ya zo kamfani ya auna kowa, yadi na shimfiɗe a kan teburinsa, almakashi a hannu. Kwamanda ya shiga ba sallama, ya dafe yadin.

"Tsaya, malam. Awon nan da ka yi ya tsufa. Ka rage yatsa uku a ƙugun kowa, riga da wando."

Tela ya sauke tabarau. "In rage? Mutanen da na auna jiya-jiyan nan?"

"Mutanen jiya ka auna. Ni na gobe nake ɗinka wa."

"Kwamanda, in na yanke yadin nan fa ba zai koma ba. Bari in bar ɗan rara a ciki, in ta kama a buɗe."

"Rara? So kake su fito kamar buhunan da aka zazzage? Ni da kai wa ya san jikin soja? Nawa ma ka rage yatsa huɗu, don shugaba shi ke fara ramewa." Ya juya zai fita, sai ya dawo ya rage murya. "Akwai na wani Shiru. Shi kada ka taɓa nasa, ka ɗinka daidai yadda ka auna. So nake ya fashe a gaban mutane."

Tela ya girgiza kai, ya sa almakashi.

Ba a yi nisa ba shiri ya fara aiki, sai dai ta bayan gida ya fara. Abin da Kwamanda bai lissafa ba shi ne leda ƙarama tana shiga aljihu, kuma ba ta da murfin da zai tona wa mutum asiri. Da can sai an zo ɗakin masu gadi ake cin biskit. Yanzu kowa ya cika aljihun riga da na wando ya tafi bakin ƙofarsa, ya zauna shi kaɗai, ba aikin fari ba na baƙi, sai buɗe leda. Duk ƙofar da ka bi a kamfanin nan ƙarar leda kake ji, ƙwaras-ƙwaras, kamar ɓeraye sun shiga rumbu.

Kwamanda ya iske Tanka zaune cikin tarin ledoji har idon sawu.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Ƙanana ne fa, Kwamanda. Ka buɗe ka gani, rabinta ma iska ce."

"To me ya sa ba ka tsaya a ɗaya ba?"

"Na so in tsaya. Gyaɗar ce gishirinta ya tsaya min a baki, sai na kashe shi da alewa. Alewar kuma zaƙi ya hau min kai, sai na sauko da shi da dankali. Dankalin yaji gare shi, ka san yaji ba ya jin magana sai ta cakulan. Yanzu cakulan ɗin ne ya gundure ni, shi ya sa ka ga na koma gyaɗa."

"Ya gundure ka?" Idon Kwamanda ya yi haske. "Ka ji ko! Gundura ta fara. Ci gaba, kana kan hanya."

Oba-obar da aka ba su don sanar da juna in an ga baƙon motsi ta koma kasuwa. Sai ka ji an danna: "Ƙofar gaba, ƙofar gaba, akwai cakulan a wajenka? Ina da gugguru, a yi musaya." Wata rana akawun kamfani ya yi ta danna hon a bakin ƙofa har rana ta gasa shi, don Mai Rediyo ya kasa murɗa makulli, yatsunsa duk maiƙo. Tururuwa ta mamaye ɗakin masu gadi, ta shiga har cikin takalman mutane. Kujerar roba ta bakin ƙofa, wadda ta daɗe tana haƙuri da Tanka, ta baje ƙafafunta huɗu ta ajiye shi a ƙasa.

Mai shagon wanki da ke maƙwabtaka da su ta shigo da tsintsiya a hannu, ranta a ɓace.

"Ina babbanku? Iska ta kwaso min ledojinku ta lulluɓe min kayan mutane a kan igiya. Kamfanin gadi ne nan ko makarantar yara?"

Kwamanda ya fito yana gyara hula. "Baiwar Allah, ki yi magana a hankali. Horo ake yi a nan na rage ƙiba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a tsakiya. "Rage ƙiba? To Allah ya sa kada ku fara na ƙarawa, don titin nan ba zai ɗauke mu ba."

Da ya ga kwalaye na ƙarewa da wuri, Kwamanda ya zauna ya yi nazari irin nasa, ya gano inda matsalar take: rikicewar ba ta kai ba. Ya koma kanti ya ƙaro iri, har da waɗanda shi kansa bai san sunansu ba, mai ɗanɗanon lemo, mai ɗanɗanon nama, mai kwakwa, mai zuma. Masu gadi suka yi masa tafi. Mai Rediyo ya ce tunda yake bai taɓa ganin shugaba mai hangen nesa irin wannan ba, Kwamanda kuwa ya karɓi yabon da hannu biyu.

Sai ga matan masu gadi sun yi gayya sun zo bakin ƙofa. Matar Tanka ce a gaba.

"Me kuke ba mazanmu a nan? Mutum ya dawo gida, ka sa masa abinci, ya tsakura ya ture kwano, ya ce bakinsa ba daɗi."

Kwamanda ya kusa taka rawa. Ya ruga ofis ya buga ƙafa.

"Ranki ya daɗe, albishirinki! Sun daina cin abinci a gida. Matansu na waje suna kuka."

Uwarɗaki ta leƙa ta taga, ta hango Tanka yana ƙoƙarin sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalmi ya kasa. "Ni kuwa sai nake ganin kamar sun ƙara faɗi."

"Haka ramewa take farawa, ranki ya daɗe. Kitse sai ya taso sama tukuna, ya taru, sannan ya fita gaba ɗaya."

Ta ci gaba da rubutunta.

Duk da haka maganarta ta ɗan taɓa shi, sai ya kafa doka: ba a yarda a ga leda a aljihun kowa ba. Ya riƙa tsayawa a bakin ɗaki yana laluben aljihu, abin da ya kama ya ƙwace. Masu gadi suka koma ɓoyewa a cikin hula. Abin da ya ƙwace kuma ba zai mayar kan tebur ba, don a cewarsa kayan laifi ne, sai an bincika. Binciken a bakinsa ake yi. Yakan shige ɗan ɗakin ajiye kaya ya turo ƙofa, ya bincika gyaɗa, ya bincika alewa don ya tabbatar da sakamakon gyaɗar, ya bincika dankali don kada a ce ya yi son kai. Da ya ga dabarar hula, bai hana ba, sai ya ara.

A gida matarsa ta iske shi da ƙusa da guduma yana huda sabon rami a bel ɗinsa.

"Baban yara, ta wane gefe kake hudawa?"

"Ina ruwanki?"

"Na ga kamar ta can bakin wutsiya ne. Masu ramewa ta ciki suke hudawa."

"Fatar ce ta motse saboda zafi. Ke me kika sani game da bel?"

"Ban san komai ba. Na dai san jiya da ka zauna a kan gado sai da ƙaramin yaron nan ya gangaro wajenka."

"Ki jira ranar fareti. Ranar za ki san wa kike aure. Ki zo da yara, ki gayyato 'yan'uwanki, ku ga usur a wuyana."

"Za mu zo," in ji ta. "Wannan ko da kuɗi ake shiga ai za mu zo."

Tela ya aiko a zo a gwada kaya tun da sauran lokaci. Kwamanda ya ce ba za a gwada ba, so yake abin ya zo wa kowa ba-zata. Ƙofar baya kuwa bai taɓa leƙawa ba, yana tara daɗin ganin Shiru sai ranar.

Ranar ta zo. Tun da safe aka jera kujeru a tsakar kamfani, aka share ledoji, aka kafa rumfa. Matar Kwamanda ta zo da yara da 'yan'uwanta, matan masu gadi suka zo, mai shagon wanki ta jingina da katanga, tela ya kawo kaki a ɗaure ya nemi wuri can baya kusa da ƙofa ya tsaya, irin tsayuwar mai shirin gudu.

A ɗakin masu gadi kuwa kokawa ake yi. Wando ya hau har cinya ya ce nan ya tsaya. Mutum biyu na jan zif ɗin mutum ɗaya. Tanka ya kwanta a ƙasa, Mai Rediyo ya taka masa ciki da gwiwa ana neman haɗa maɓalli da raminsa. Mai Rediyon da kansa, wanda a da iska ke kaɗawa, rigarsa ta ɗame shi har ya kasa sauke hannu.

"Kwamanda, kayan nan ba namu ba ne!"

"Naku ne! Sabon yadi haka yake, sai ya saba da jiki. Kowa ya fitar da numfashi, ya shanye cikinsa, ya ɓalla maɓalli. Daga nan har a gama fareti ban yarda kowa ya ja numfashi mai nauyi ba. Soja da hanci yake shaƙa, kaɗan-kaɗan."

Shi kansa sai da mutum uku suka taru a kansa. Da aka gama ɓalla shi, fuskarsa ta yi jawur, idanunsa sun firfito, rigar ta bubbuɗe tsakanin maɓalli da maɓalli, singileti na leƙowa. Bai yarda ya bar hularsa haka nan ba, ya cusa 'yan ledoji a ciki saboda bayan taro.

Suka fito a jere, suna tafiya ƙafa a warware kamar masu ƙurji. Uwarɗaki ta rufe ido ta buɗe. Ta miƙa wa Kwamanda usur ba tare da ta dube shi ba. Ya rataya jar igiyar a wuya, sai ya ji duniya ta dawo sabuwa. Ya waiga ya nemi matarsa a cikin mutane don ta gani.

A nan ne Shiru ya ɓullo daga ƙofar baya ya shiga ƙarshen layi. Kwamanda ya dube shi, ya sake dubawa. Mutumin nan yana nan yadda yake, ko ɗigo bai ƙaru ba. Kakin ya zauna masa ɗas, kamar a jikinsa aka saƙa, yana numfashinsa hankali kwance.

Kwamanda ya matsa kusa, ya yi magana ta gefen baki don ba iskar da zai ɓata. "Gwangwanin fa?"

"Yana nan," in ji Shiru.

"Ba ka ci ba?"

"Ina ci. Ɗaya da shayi."

Manajan kanti ya iso, wani dattijo mai tabarau, mai son jawabi. Aka ba shi shayi, ya riƙe kofi a hannu, ya ce kafin a fara yana so ya ɗan yi bayani a kan tarihin kantinsu. Ya fara daga kakansa. Masu gadi na tsaye, ciki a shanye, gumi na zuba, jijiyoyin wuya sun miƙe. Tanka ya fara lilo. Da ƙyar dattijon ya iso zamaninsa, ya tako gaban layi da kofinsa, ya tsaya daf da Kwamanda, ya ce, "To, bismilla, a nuna mana."

Lokacin da Kwamanda ya daɗe yana mafarki ke nan. Ya ɗaga usur ya sa a baki. Sai dai duk lissafinsa bai taɓa kawo cewa usur da iska ake busa shi ba. Ya gwada da ɗan abin da ya rage masa, usur ya ce fiii, kamar ɗan tsako. Yara suka yi dariya. Zuciya ta ɗebe shi, ya buɗe ƙirji ya zuƙi iska iya ƙarfinsa.

Tas! Maɓallin tsakiya ya tashi kamar an harba shi, ya daki tabarau ɗin manaja, ya faɗa cikin kofin shayi, tsulum. Sauran maɓallan suka bi sahu, tas, tas, tas, riga ta wangale, ƙirjin da ya sauko saboda atisaye ya fito fili ya gaida jama'a. Kwamanda ya ruɗe, ya ce bari ya rufe abin da sarawa. Ya buga ƙafa da ƙarfi, wando ya ce ƙeeet daga baya har gaba. Hannun da ya kai goshi ya ture hula, ledojin gyaɗa da cakulan suka zubo masa a kafaɗa suka watse a gaban takalmin manaja.

Mai Rediyo ne ya fara. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya danne, dariyar ta fi ƙarfinsa, ta fito tare da maɓallansa. Daga nan layin ya kama daga wannan kai zuwa wancan, kowa na dariya, kaki na fashewa, maɓallai na tsalle a kan siminti, huluna na faɗuwa da kayan cikinsu. Tanka ya saki cikinsa gaba ɗaya, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zauna a ƙasa. Yara suka ruga tsintar alewa. Mai shagon wanki ta riƙe katanga tana share hawaye. Tela ya ɗaga murya daga baya, "Jama'a ku shaida, na ce a bar rara!"

Manaja ya sa cokali ya tsamo maɓalli daga shayinsa, ya ɗaga shi ya duba, ya ajiye a tafin hannun Kwamanda. Sannan ya bi layin da kallo har ya kai ƙarshe, inda Shiru ke tsaye a ƙame, ko murmushi bai yi ba.

"Wancan fa? Shi ba a sa shi a horon ba?"

"Ba a sa shi ba," in ji Uwarɗaki.

"To in za a ba ni irinsa, a sake kirana in sauran sun koma cikin kayansu."

Uwarɗaki ta tako gaban Kwamanda ta miƙa hannu. Ya so ya yi bayani, ya fara cewa, "Ranki ya daɗe, kitsen ne ya taru, yanzu ne zai..." Ta ƙara matso da hannun. Hannunsa ɗaya na riƙe da wando, da ɗayan ya cire jar igiyar daga wuya, ta maƙale a kunnensa, sai da Uwarɗaki ta taimaka masa. A gaban matarsa da yaransa da surukansa ta rataya wa Shiru.

Matarsa ta zo ta yafa masa mayafinta a ƙugu ta ɗaure. "Ka ce yau zan san wanda nake aure," in ji ta. "To na sani, har unguwa ma ta sani."

Washegari aka kwashe ledoji aka mayar kanti, aka tura Kwamanda ƙofar baya wajen motar shara. Ya iske gwangwanin a kan benci, ko rabi bai yi ba. Direban motar shara ya leƙo ya tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa a gari.

"Ƙarya ce," in ji Kwamanda. "Mutane ba su gane ba ne. Ledojin nan duk dabara ce ta ɓatar da hankali. Ainihin shirin gwangwanin nan ne, kuma a kan Shiru na gwada shi. Ba ka ga yadda ya fito ba? Aikina ne wancan."

Ya kai hannu ya buɗe murfin, ya ce ƙiiii, direba da yaran motarsa duk suka juyo suna kallonsa. Daidai nan usur ya tashi daga tsakar kamfani, ƙara mai kyau, cikakkiya. Kwamanda ya yi zumbur ya miƙe ya ƙame, busasshen biskit a baki, hannu ɗaya a goshi, ɗayan yana riƙe da wandon da ya ƙi ɓalluwa.